Shanyar Tsohuwa a Ginin Zagaye

Gumel zuwa Guangzhou

Mun bar Gumel ƙarfe biyar da kwata na asuba, ni da maigidana Alhaji, muka yi salla a hanya. Shingen jami'ai uku muka wuce kafin Kano. Jirgi ya tashi da azahar, muka sauya wani a Addis Ababa, washegari da la'asar muka sauka Guangzhou. Alhaji sarin kaya ya zo. Ni kuwa saƙon 'yata Nafisa na ɗauko, wadda ke karatun zanen gine-gine. Akwai wani gidan haya da ya yi suna a gefen birnin, an gina shi a zagaye kamar bakin rijiya. A kansa take rubutun kammala karatu, kuma malaminta ya ce hotunan waje sun cika intanet, sai ta kawo na cikin ɗaki ko ta sauya batu.

Sanyuanli

Masaukinmu a unguwar Sanyuanli ɗaki ɗaya ne a hawa na tara. Da kamfas ɗin waya na gano alƙibla. Alhaji ya wuni a kasuwar Baima, ya haɗa ni da matar abokinsa, Hajiya Zali 'yar Maraɗi, mai jin Sinanci. Da ta ga na ƙulla dabino da turaren wuta, ta tambaye ni ko biki za mu. Na ce gidan mutane ne, ba a shiga hannu sake.

Ranar Talata, ginin

Minti arba'in a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ashirin a tasi. Ƙarfe goma da rabi muka isa, ni da Hajiya Zali. Bangon waje duk huji-huji ne don iska, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, kowace ƙofa tana kallon 'yar'uwarta. Mai gadi ya ce tsakar gida kawai aka yarda baƙi su shiga. Da Hajiya Zali ta ambaci ɗaki, ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu.

Wasu baƙi suna leƙa tagogi suna ɗaukar hoto. Ban iya ba. Na ƙwanƙwasa wata ƙofa sau uku da sallama, ba a amsa ba, na juyo. Na fara shirya abin da zan faɗa wa Nafisa.

Sai ruwa ya sauko. Kowa ya gudu ƙarƙashin rumfa. A gefe akwai shanya a kan gora, barguna biyu da rigunan jariri. Ban yi shawara da kowa ba, na kwashe su kamar yadda zan yi wa maƙwabciyata, na tsaya ina ninkewa.

Wata tsohuwa ta sauko tana faɗa, ta fizge bargon daga hannuna. Mai gadi ya taso.

"Yaya, kin ja mana," in ji Hajiya Zali. "Ɓarauniya take ce miki. A nan ba a taɓa kayan wani ko da wuta yake ci."

Ta yi musu bayani mai tsawo. Tsohuwar ta shafa rigunan ta ji a bushe, ta warware ɗaya ta duba ninkin, ta mayar yadda na yi. Sannan ta ɗora mini bargunan a hannu, ta nuna matakala.

Ɗakinta bai kai kicin ɗina ba. Jikanta yana barci a gadon ƙasa. Ta zuba mana shayi marar sukari, na ba ta dabinon. Na nemi izinin hoto, ta yarda, amma sai da ta kawar da tukunyar da ba ta wanke ba. Na ɗauki goma sha ɗaya. Na auna ɗakin da tafiya, tsawo taku bakwai, faɗi taku biyar.

Gida

Bayan kwana takwas muka iso Gumel da magariba, lafiya lau, alhamdulillahi. Allah ya saka wa Hajiya Zali da alheri.

Nafisa ta daɗe tana duba hotunan, sannan ta tambayi takardar izinin da na cike kafin a bar ni shiga, don malaminta zai nema.

Na ce mata ta rubuta cewa an yi ruwa, uwarta ta kwashe shanya.