Shanun Huɗa da Firjin Ƙanƙara

A shekarar da aka kafa turakun lantarki a ƙauyenmu, ana gab da zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki, ni da yayana muna da tireda a bakin hanyar Kahu zuwa Kibiya. Gadon mahaifinmu ce, ita da shanun huɗa guda biyu. Ni ke zaman tireda, Yaya ke yanke magana.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. A can na ji labarin wani dattijo mutumin Rano, ana ce masa Malam, da ya yi ritaya daga aikin ƙungiyoyin gama kai. Masu ƙananan sana'o'i kan ɗauke shi ya duba musu harkarsu, ya faɗa musu inda take yoyo, su ba shi ladansa. Da na kawo wa Yaya zancen, dariya ya yi.

"Yanzu har shawara ake saye? Gobe ma sai a sayar mana da sallama."

Amma da ya ji Malam zai karɓi ladansa da gyaɗa idan kaka ta yi, ya ce a kira shi.

Malam ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya nemi benci, ya wuni yana kallon masu shiga da fita. Da yamma ya nuna mana manyan gwangwanayen madara da suka daɗe a kan kanta ba mai tambayarsu. Ya ce aiken da ke fitowa daga gidaje na ƙulli ne, mu riƙa ƙulla sukari da gishiri da garin sabulu ƙanana. Sannan ya ce a ɗauke majalisar Yaya daga bakin ƙofa, domin mace ba za ta ratsa maza ta sayi man gyaɗa ba, gara ta wuce gaba. Wannan ta yi wa Yaya ciwo, don abokansa ne, amma aka mayar da bencin gindin darbejiya. Kafin damina ta wuce, ciniki ya motsa har ni kaina na yi mamaki.

Sai turaku suka zo. Yaya ya kwana ya tashi da zancen ƙanƙara. Ya ce wuta na zuwa, bazara ta yi tsanani, duk wanda ya riga kowa ajiye babban firji shi zai sayar wa ƙauyukan nan ruwan sanyi da zoɓo. Abin da zai saye shi kuwa, shanun nan ne kaɗai.

A wajenmu, idan mutum ya faɗi niyyarsa, amsa ɗaya ce: Allah ya sanya albarka. Ko kana ganin rami a gabansa ba za ka ce rami ba ne, kada abu ya lalace a ce bakinka ne, ko a ce hassada. Majalisa duka ta sanya albarka. Har akwai mai cewa a ajiye masa ƙanƙarar farko.

Malam ya zo ya saurara har Yaya ya gama.

"Mai tireda, ka ga waya a kan turakun?"

"Tana hanya."

"Taransifoma fa?"

"Ɗan takara da bakinsa ya faɗa, a gaban mai unguwa."

"Bakin ɗan takara ba ya daskarar da ruwa. In ƙanƙara kake so, ƙaninka ya riƙa ɗauko ta daga Rano a cikin buhu da ƙaiƙayi, ka ga ko akwai masu saye. Ran da ƙwan fitila ya kama a garin nan ya daɗe yana ci, ni zan raka ka Kano. Amma ka bar shanun nan."

Fuskar Yaya ta canja.

"Gari duka ya yi mini fatan alheri, sai kai da kake cin gyaɗata?"

"Ai don haka kake ba ni ita. Su ba ka biya su ba, kuma ba shanunsu ba ne."

Yaya ya ce masa ya gode, kada ya ƙara wahalar da babur ɗinsa. Bayan tafiyarsa na ce, "Yaya, ko mu bari damina ta wuce?" Ya dube ni ya ce, "Kai ma bokon ya fara hawa kanka?" Na bar zancen. Shi ne babba, ni kuma ba a rene ni in ja da babba ba.

Aka kai shanu kasuwa. Firji ya zo a bayan a-kori-kura, fari fat, mutane suna shafa shi. Aka yi zaɓe, aka rantsar da waɗanda suka ci. Waya ta zo har rabin hanya ta tsaya. Yaya ya ɗauko hayar janareto, kuɗin fetur ya cinye ribar ƙanƙarar da ta tireda, aka mayar wa mai shi. Da ruwa ya sauka, muka shiga layin masu jiran shanun wasu, a yi mana huɗa bayan kowa ya shuka.

Wata rana ɗaya daga cikin 'yan majalisa ya ce da ni, "Ni fa tun farko raina bai kwanta ba."

"Me ya hana ka faɗa, baba?"

"In faɗa a ce na yi baki?"

Na sake ganin Malam a kasuwar Rano, ya ƙara tsufa. Bai ta da zancen firji ba. Ya tambayi lafiyar Yaya, ya tambaya ko har yanzu muna ƙulla sukari. Na roƙe shi ya dawo, ya ce in mai tireda ya kira, zai zo. Yaya bai kira ba, kunya ta hana shi, har muka ji Malam ya rasu.

Wuta ta zo daga baya, bayan wani zaɓen kuma. Muka jona firjin, ya yi ƙara ya yi shiru. Mai gyara ya ce zama ya kashe injin.

Abin da muka rasa: shanu biyu, da garmar da tsatsa ta ci a zaure, da amfanin gonar da muka riƙa shukawa a makare, da firji ɗaya, da rabin kayan tireda, da Malam.