Jimlar da 'Yan Ajina Suka Ƙi Faɗa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka tura ni koyarwa a firamaren Gubuchi. Ba ni da takardar malanta, riƙon ƙwarya kawai nake yi. Zuwana kwalejin horon malamai kuwa ya dogara ne da abin da sufeton makarantu zai rubuta ranar da ya zo daga Zariya ya ga darasina na Turanci.

Darasin da muka kai shi ne yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi a da amma ya daina. Na kwafo misalin littafi a allo: "My father used to go to the farm." Yara suka yi ta rera shi kamar waƙa, har na fara jin daɗi. Sai rawar kai ta sa na fassara musu: a da babana yana zuwa gona, yanzu ya daina. 

Monita, wani dogon yaro mai taurin kai, ya miƙe ya ce, "Malam, a garin nan wa ke daina zuwa gona in ba wanda aka kai makwanci ba? Mu dai ba za mu yi wa iyayenmu baki ba."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce misali ne, ba addu'a ba ce. Na goge gona na sa kasuwar Makarfi, suka ce ai sai mai jinya ke daina cin kasuwa. Na ce to a ce baban wani, suka ce shi ma wanin yana son nasa. Na ɗauko bulala, suka jera hannuwa ba ko gardama. Kashegari wani dattijo, uban ɗaya daga cikin yaran, ya taso daga wurin dafa mazarƙwaila, hayaƙi duk a rigarsa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, ni ne aka ce za a kashe da Turanci?" Wallahi ranar kamar in naɗe tabarmata in koma gida Ikara don takaici.

Sufeton ya zo, wani Bature ne da bai jin Hausa sosai. Duk shafukan littafin nan bai ga na buɗewa ba sai wannan. Ya nuna jimlar, ya ce wa zai faɗa. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, kwaleji ta wuce ni saboda shirmen yara.

Can baya wata ƙaramar yarinya ta miƙe. Ta faɗi jimlar tsaf, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na san ta, don da ni aka yi jana'izar mahaifinta kafin a fara saran rake. Sauran yaran suka haɗa baki a hankali suka ce, "Allah ya jiƙansa."

Baturen bai gane ba. Ya yi murmushi, ya yaba mini, ya ce yarinyar ta maimaita da ƙarfi don sauran su koya. Na buɗe baki in hana, na kasa. Ta maimaita.

Da wannan na tafi kwaleji.