Ranar da Mubarak Ya Kasa Miƙewa a Coci

Tsoron ya kama Mubarak ne a daidai lokacin da fasto ya gyara makirufo ya ce, "In akwai wanda yau ne zuwansa na farko, ya daure ya miƙe mu gan shi." Ya ji kamar an ɗaure masa ƙafafu da bencin da yake zaune a kai, na can baya, dab da ƙofa.

Mubarak ɗan unguwar Gobarau ne a Katsina, a nan aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa wankin hula yake yi, kuma da wannan sana'a ya ga ɗansa ya yi digiri a lissafi. Bayan bautar ƙasa Mubarak ya zaga ofisoshi da takardunsa har ambulan ɗin ya yage, daga ƙarshe wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke shi. A can ya haɗu da Malam Ishaya, dattijo Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi, wanda ya haura shekara ashirin yana koyar da Turanci. Shi ya nuna wa Mubarak yadda ake tsara darasi, da yadda ake tsayawa gaban aji ba tare da murya ta yi rawa ba. In azumi ya kama, dattijon ko ruwa ba ya sha a ɗakin malamai, sai ya zagaya baya. Yana kiran Mubarak "ɗan Gobarau", Mubarak kuma yana ce masa "Baba".

Wata uku da suka wuce mota ta buge Malam Ishaya a kan mashin, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Da aka ce ana neman jini, Mubarak ya naɗe hannun riga ya ba da. Bai ɗauki abin a bakin komai ba. Bayan an sallami dattijon daga asibiti, sai ya kira Mubarak a waya.

"Ɗan Gobarau, ran Lahadi zan yi godiya ga Allah a coci. Ina so ka zo. Ba abin da za a sa ka, zama kawai za ka yi."

"Insha Allahu zan zo, Baba."

Kuskurensa shi ne da ya faɗa a majalisarsu ta Ƙofar Kwaya. Ado mai gyaran waya ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi.

"To mi za mu riƙa ce maka ran Litinin, Bitrus ko Bulus?"

Aka kwashe da dariya. Ado ya rage murya. "Ban da wasa, akwai inda suke cewa baƙi su miƙe. Kana miƙewa shi ke nan, an rubuta ka cikin nasu. Ga kyamara tana ɗauka. Kafin azahar tsohonka ya gan ka a waya."

Mubarak ya san Ado bai taɓa leƙa ko ƙofar coci ba. Duk da haka maganar ta zauna masa.

Ran Lahadi, tun daga bakin ƙofa ya fara kwafsawa. Bayan an shafa masa sandar bincike, sai ya sunkuya ya tuɓe takalmi. Wata mai tarbar baƙi ta yi murmushi ta ce, "Malam, mayar da abinka, da shi ake shiga." Da ya zauna ya lura duk mazan sun cire hula, sai shi kaɗai. Ya cire, ya rasa inda zai sa ta, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. Matan zumunta, cikin zane iri ɗaya, suna waƙa da Hausa suna kaɗa tulu. Ya ji ana ambaton Allah, ana cewa amin, ana yi wa marasa lafiya da matafiya addu'a. Har jikinsa ya fara saki.

Sai fasto ya kira baƙi.

Mutum uku suka miƙe. Mubarak ya kafa ido a ƙasa. Ta gefen ido ya hango an miƙa musu kati da biro, ya kuma hango wata mata ta ɗaga waya sama. Zuciyarsa ta ce masa ga maganar Ado nan.

Bai gama dawowa hayyacinsa ba aka kira Malam Ishaya. Dattijon ya fito da sanduna biyu, a hankali, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Ya gode wa Allah, ya gode wa likitoci. Daga nan ya ce, "Akwai jinin wani a jikina yau. Musulmi ne, ɗana ne. Na gan shi ya shigo. Mubarak, miƙe jama'a su ga fuskarka."

Cocin ya ɗauki tafi, kawuna suka juyo baya. Mubarak ya duƙa kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin benci, ya sulale ta ƙofa a sunkuye. Yana jin ana kiran sunansa karo na biyu ya tsallake titi. Sai da ya hau Keke Napep ya tuna ya bar hular a can.

Ran Litinin Malama Ladi, wadda ke koyar da 'yan aji biyu kuma cocinsu ɗaya da Malam Ishaya, ta ajiye masa hular a kan tebur, a ninke cikin leda.

"Malam Mubarak, mi ka zaci za a yi maka?"

Ya gaya mata abin da Ado ya ce. Ba ta yi dariya ba.

"Maraba ce kawai. A yi maka waƙa, a ba ka hannu, ka zauna. Katin ma in ka ga dama ka cika, in ba ka so ka bari. Wayar da ka gani ta matar Malam Ishaya ce, don 'ya'yansu na nesa take ɗauka." Ta matso masa da ledar. "Shi kuwa Malam ya daɗe a tsaye kan ƙafa ɗaya yana kallon ƙofa. Fasto ya ce ya zauna, ya ƙi. Daga baya ya ce wa jama'a, 'Ku yi masa uzuri, ƙila salla ya tafi. Ba ya wasa da salla.'"

Ƙarfe goma da rabi na safe ne lokacin da ya gudu. Duk wanda ke cikin cocin nan a Katsina yake zaune, ya san lokutan kiran salla. Wannan ce ta fi komai tsaya wa Mubarak a rai: shi ya gudu, amma dattijon ne ya rufa masa asiri.

Ya yi niyyar zuwa gidan dattijon a ranar, ya kai bakin layin, ya juya. Da ya koma washegari ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce an wuce da Malam Ishaya Kano, za a sake yi wa ƙafar aiki, dama an sa ranar tun tuni.

Mubarak ya daina zuwa majalisa. Ya ɗauki saƙon murya sau biyar yana gogewa, na shida ya tura: "Baba, ɗan Gobarau ne. Ba salla na tafi ba. Tsoro na ji, kuma na ba ka kunya. Ka yafe mini."

Yau kwana huɗu ke nan. Saƙon ya shiga, amma ba a buɗe shi ba. Malama Ladi ta ce ita ma ba ta ji komai daga Kano ba tukuna. Mubarak yana jira.