Allurar Goshi da Bakancen Inna

Ina tsakiyar duba takardun jarabawar 'yan aji uku a makarantarmu ta Kazaure Yaya ta kira ni, ta ce in fita daga ofishin malamai tana son magana. Kafin ta faɗi komai sai da ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Na yi, don na ɗauka maganar mijinta ce ko ta wurin aiki. Da na san abin da zan ji, da na kashe wayar na koma kan takarduna.

Allura aka yi mata a goshi. A Kano take aiki, ta ɗan haura hamsin a lokacin, kuma a cewarta ta gaji da ma'aikatan ofis suna tambayarta wa ya ɓata mata rai alhali tana zaune lafiya lau. Layi biyu ne a tsaye tsakanin girarta, uku a kwance a goshi, su ne suka tsone mata ido. Wata ƙawarta ta kai ta inda ake tsira wa mata wani magani da 'yar siririyar allura, naman wurin ya kwanta ya daina motsi, fatar ta miƙe na 'yan watanni. Har da yi min bayani wai daga gubar wata ƙwayar cuta ake tace shi, tana faɗa kamar abin alfahari. Na ce ban taɓa jin wanda ya kai kansa da ƙafarsa a sa masa guba ba. Ta ce ba don wa'azi ta kira ni ba.

Goshin dai ya miƙe. Amma bayan kwana biyar fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe rabin idon. Masu allurar sun ce maganin ne ya ɗan gangara inda ba a aike shi ba, akan samu haka jefi-jefi, zai sake ta da kansa nan da wasu makonni. Ga shi ranar Asabar ana suna a gidan ƙanenmu a Roni, inda Inna take zaune. Na ce mata ko dai ta ƙi zuwa, ko ta zo ta faɗi gaskiya a yi mata dariya ta kwana biyu a manta. Yaya ta zo, kuma ta ja bakinta ta yi shiru.

Da baƙin tabarau ta shigo, har cikin ɗakin mai jego. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta san kara ba, ta miƙa hannu ta zare shi tana tambayar yaushe aka fara gaida manya da ido a rufe. Duk wanda ke wurin ya san yadda ciwon Baba ya fara: ya tashi wata safiya ido ɗaya ya faɗo, baki ya karkace, kafin azahar ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara biyu Inna tana juya shi a kan gado kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yaya ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ban taɓa jin sun yi hirar da ta wuce gaisuwa ba. In tana son sanin wani abu game da ita, ni take tambaya. Ranar ta kalli fuskar Yaya sau ɗaya, ta kau da kai, ta juyo gare ni.

"Tun yaushe?"

Na dubi Yaya, ta kafe ni da idon nan nata mai kyau. Na ce, "Ba a daɗe ba, Inna."

Gwaggo ta ce wa Yaya ta ɗaga gira. Yaya ta yi iya ƙoƙarinta, goshi ko gezau. Mata suka ɗauki salati. Nan take Gwaggo ta yanke hukunci cewa iska ce ta buge ta, wata ta ce hawan jini ne, wata ta ce bakin mutane ne, don kowa ya san an ƙara mata girma a wurin aiki. Yaya ta ce likita ya duba ya ce ba komai. Ba wanda ya saurare ta, domin abin da aka ce da Baba ke nan ranar farko.

Taron suna ya koma jinya. Aka lulluɓe Yaya da zane aka tura mata kaskon turare tana shaƙar hayaƙi tana tari. Aka kwaɓa man shanu da tafarnuwa aka mulke mata goshin nan da ta sha wahala a kansa. Aka kawo rubutu a kwanon sha, ta shanye, aka shafe mata fuska da sauran, hodar da ta yi tun daga Kano ta dinga gangarowa kan leshinta. Ina tsaye bakin ƙofa ina jira ta ce a dakata, ga abin da ya faru. Ba ta ce ba. Matar da ke shugabantar taro a ofis ta gwammace a turara ta kamar kifi da ta furta jimla ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, haushi nake ji, amma wani ɓangare na zuciyata daɗi yake ji. Tun muna yara Yaya take gyara min zama. Miyata gishiri ya yi yawa, mayafina bai shiga da atamfata ba, na yi ƙiba, na cika surutu. Ranar na gan ta zaune a tabarma tana warin tafarnuwa ba ta da ta cewa, sai da na shiga bayan gida na yi dariyata mai isata.

Daga ranar Inna ta mayar da ni gidan waya. Kullum da hantsi sai ta sa matar ƙanenmu ta kira mata ni, ta tambayi mai jiki. Ko tana iya tauna abinci? Ko hannunta yana riƙe cokali? Ko maganarta tana fita sosai? Ni kuma in ce da sauƙi, ana samun ci gaba. Ina ajiye wayar sai in kira Yaya in ce don girman Allah ta fitar da tsohuwar nan daga zulumi. Kullum amsarta ɗaya: in Gwaggo ta ji, kafin magariba labarin ya kai Gwiwa, ya zaga Babura, a ce tsohuwa mai budurwar zuciya ta je gyaran fuska ta dawo da ido ɗaya. Surukanta fa? 'Ya'yanta fa? Saura kaɗan abin ya wuce, in yi haƙuri, kuma in tuna na yi alkawari. Wannan alkawari na ji shi ya fi sau talatin.

A mako na shida idon ya buɗe. Yaya ta turo min hoto tana murmushi, goshi sumul kamar bayan faranti. Na hau acaɓa bayan an tashi daga makaranta na kai wa Inna ta gani. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallo, abin da ba za ta taɓa yi ba in Yaya ce a gabanta. Ta yi hamdala, ta tashi ta yi alwala. Na koma Kazaure ina cewa an rabu da ƙaya.

Bayan kwana uku matar ƙanenmu ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Inna azumi take yi, yau na uku. Ashe tun ranar suna, bayan sallar la'asar, ta yi bakance tsakaninta da Ubangijinta: in ya buɗe idon 'yar nan, ya tsare ta daga ciwon ubanta, za ta yi masa azumin kwana talatin. Ba ta gaya wa kowa ba sai da aka matsa mata a kan ƙin karya kumallo.

Inna ta haura saba'in, kuma tana da ciwon suga. Likitanta a Kazaure ya hana ta azumi tun shekarun baya, ko na watan Ramadan ciyarwa muke yi mata, tana yi tana ƙunƙuni. Ga shi ana tsakiyar bazara, zafin da ko mai lafiya sai ya nemi inuwa tun hantsi. Ƙanenmu ya ɗauko limamin unguwa, liman ya zauna daga zaure ya yi mata bayani cewa wanda ya yi bakance ya kasa, kaffara ta isar masa, ta ciyar da miskinai goma shi ke nan. Inna ta yi masa godiya, ta ce ta ji, amma ita ba ta kasa ba tukuna.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce mata uwarmu na shirin kashe kanta saboda layi biyar a goshin mace mai jikoki, in ba ta zo gobe ba ni zan faɗa, alkawarin kuma ta jiƙa ta sha. Washegari kafin azahar motarta tana ƙofar gida a Roni, ni ma na riga na iso.

Mun sami Inna a kan sallaya da carbi, leɓunanta sun bushe. Yaya ta durƙusa daga gefe ta fara bayani, tana yi tana kwana-kwana, sai da na ce ta faɗi kalmar allura a fili. Ta faɗa. Ta ce ba ciwo ba ne, ba iska ba ce, kwalliya ce, ita ta kai kanta. Hawaye na zuba, amma daga ido zuwa sama ba abin da ya motsa, sai ka rantse albasa take yankawa. Har wannan ma haushi ya ba ni.

Inna bango take kallo har aka gama. Na zaci za ta yi faɗa, na ma shirya taya ta. Can sai ta tambayi bangon, "Da zafi allurar?"

Yaya ta ce babu sosai. Inna ta gyaɗa kai. Na yi maza na ce to tunda dai an ji ba ciwo ba ne, bari in kawo ruwa ta sha, bakance ya faɗi.

Ta ce, "Ni cewa na yi in idon ya buɗe. Ban ce masa sai in ciwon na gaske ba ne. Ya buɗe ko bai buɗe ba?"

Yaya ta roƙa a bar ta ta yi azumin a madadinta, ko sittin ne. Inna ta ce a gaya mata ba ita ta ɗauki alkawarin ba. Da yamma Yaya ta koma Kano da kumburarrun idanu, ni kuma na kwaso kayana na tare a Roni, kullum in yi sammakon zuwa makaranta in dawo da rana tsaka da 'yar na'urar awon suga a jaka. In huda mata yatsa, in duba, in yi magiya, ta ce in matsa mata daga kan sallaya. Gwaggo kuwa, da labarin ya same ta, cewa ta yi ai dama ta sani, kuma hayaƙinta ne ya kori gubar.

A rana ta tara na dawo na tarar da Inna jingine da bango, gumi ya jiƙa mata riga, tana kallona kamar ba ta gane ni ba. Ban tsaya neman izini ba. Na dama suga a ruwa na tallafo kanta na ɗura mata, ta haɗiye. Da ta dawo hayyacinta ta fahimci abin da ya faru, sai ta juya fuska tana hawaye ba sauti. Ranar ce ta yarda a koma wurin likita, ya gyara mata magani, ta riƙa yin sauran ɗaya-ɗaya idan gari ya yi sanyi. Yafe azumin dai ta ce babu, har wanda na karya mata sai ta rama.

Na kwantar da ita ina yi mata fifita, tsoron da na ji ya koma masifa. Na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce wannan duk aikin Yaya ne, mace da girmanta ta kasa haƙura da fuskar da Allah ya ba ta, ta kasa buɗe baki ta faɗi gaskiya, ta bar tsohuwa mako shida ba barci. Na haɗa da ƙawar da ta kai ta, da masu allurar, da Gwaggo da kaskonta. Inna ta bar ni sai da na gaji don kaina, idonta a rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

Sai ta ce, "Ita kunya ce ta hana ta faɗa. Na san halinta tun tana goye. Ke fa? Ke na tambaya ranar. Kullum ke nake tambaya."

Na ce na yi alkawari ne, Inna.

Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "To ni ma shi na yi."

Na ci gaba da fifitar. Saura kwana ashirin da biyu a kanta, kuma da na buɗe baki ranar suna kafin la'asar, da ko ɗaya babu.