Ɗuri Biyu

Bindigar mahaifina irin ta toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani maƙeri na hanyar Madekali ya ƙera masa ita tun ba a haife ni ba, da bututun sitiyarin mota. Ɗurinta aiki ne. Sai an auna albarushi a tafin hannu an zuba, a tura tsumma a daddanna da sandar ƙarfe, a zuba gutsattsarin ƙarfe, a sake tura wani tsumman. Kuma abin da ya shiga cikinta ba ya fita sai an harba. Shi ya sa Baba ya kafa wa kansa doka: bindiga ba ta shiga gida da ɗuri a ciki, domin gida akwai yara, akwai wuta.

In an gama kaka, ciyawa ta bushe, maharban Malanbil sai su shiga daji neman gada da barewa. Ranar da Baba ya samu, tun daga bakin unguwa ake jin labari. Ranar da bai samu ba kuwa, sai ya biyo ta bakin gonaki, inda kurege ya cika ƙasa da ramuka, ya zauna ya jira. Kurege ba ya iya haƙuri. Zai leƙo, ya fito, ya miƙe tsaye a bakin raminsa yana dube-dube, nan Baba zai sauke masa ɗurin da aka yi domin gada. Abin da yake saura ba ya wuce ƙafafun baya da wutsiya. Haka zai kawo shi a rataye, ya jefa gaban murhu ba tare da ya dubi kowa ba. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, tana ce masa naman haushi, amma ba a gabansa ba.

Sa'ad da mijina ya rasu na dawo gidan Baba da 'ya'yana, sai na tarar naman haushi ya zama na kullum. Dajin da suke farauta an nome shi. Abokansa wasu sun mutu, wasu sun koma gadin shaguna a kasuwa, 'ya'yansu sun hau baburan kabu-kabu. Ga kuma masu bindigogi na gaske sun shiga abin da ya rage na dajin, sojoji suna bin su, har ta kai ƙarar harbi ko daga ina ta fito sai an zo an tambaya. Shi kaɗai ya ƙi ji. Kowace safiya ta rani zai rataya bindiga ya ce ya tafi neman gada, la'asar ya dawo da rabin kurege. Samarin unguwa suka sa masa sarkin kurege. Na taɓa watsa wa ɗaya ruwan shinkafa a ƙafa saboda haka, kuma har yau ban yi nadama ba.

Amma ba ba'ar samari ce ta dame ni ba. Baba ya fara mantuwa. Zai yi alwala ya koma ya sake. Zai ci tuwo, a ɗauke kwano, ya tambaya ko yau ba a girki ne. Mutumin da ke haka, shi ne ke yawo da albarushi a ƙaho. Tsoro nake ji, kuma ni tsorona da faɗa yake fita.

Wata rana na tare shi a bakin zaure. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka uwata yake ce mini.

"Baba, don Allah ka aje bindigag ga. Gada ta ƙare. Mi kaka nema cikin daji?"

"Uwata, kauce mini. Akwai ta. Na ga sawunta."

"Yaushe?"

Ya tsaya yana tunani, ya kasa. Sai ya ce, "Ke shinkafa kika sayarwa, na taɓa shiga miki kasuwa?" Ya raɓa ta gefena ya wuce.

Na kai ƙara wurin ƙanena, wanda ke dakon albasa zuwa Gaya. Ya ce a ɓoye bindigar. Muka ɓoye ta a ƙarƙashin buhunan shinkafata. Baba bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa ba. Ya zauna a zaure ya daina cin abinci. Da ƙanena ya ga idanunsa sun faɗa, shi da kansa ya ciro ta ya mayar masa, yana ce mini gara kurege da makara.

Ranar da abin ya soma, Baba ya dawo da yamma hannu wofi, ko wutsiya babu. Ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi shiga. Na fito na same shi yana jujjuya bindigar.

"Da ɗuri ciki," ya ce. "Motas soja na tarar bakin gonaki. Ban iya harbi ba."

"To yanzu hwa?"

"Ba ta shiga gida."

Ya zaga bayan katanga, inda tsohon rumbunmu yake, ya tura ta ciki ya rufe. Ya ce gobe da sassafe zai je ya sauke ta a kan kurege kafin komai. Na ji daɗin yadda ya tuna dokarsa daram. Na ce a raina ashe kan bai tafi duka ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Na fita tun da wuri na shimfiɗa kayana, sannan na dawo ɗaukar mudun da na mance. Matar ƙanena tana shara. A kan tabarmar Baba na ga ƙahon albarushi a buɗe, da yagaggen tsumma, da ɓurɓushin baƙi a ƙasa.

"Ina Baba?"

"Ya hita tun ɗazu, Yaya."

"Wanga hwa? Mi ya yi da shi?"

"Ɗuri ya yi. Nan bakin zaure na gane shi shina daddannawa, kamar kullum."

Ita ba ta san zancen jiya ba. Ban tsaya yi mata bayani ba, na fita da gudu, zani a hannu, na tare ɗan kabu-kabu na ce bakin gonaki. Duk hanya ina dukan bayansa ya ƙara wuta, yana ce mini yashi ne, za mu faɗi. Na taso da ƙarar bindigar nan a kunnena, na san ta kamar tarin Baba. Abin da muka ji muna gab da garkar albasa ba ita ba ce. Ƙara ce mai faɗi, ta tsage a tsakiya, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya.

Mai garkar ya riga mu isa. Baba yana zaune a ƙasa, ya jingina da tudun rami, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi, gemunsa ya babbake gefe guda. Bututun ya buɗe kamar ɓawon rake. Hannun hagu, wanda yake tallafe bindigar da shi, ba zan faɗi yadda na gan shi ba. Na cire kallabina na ɗaure masa dantse, na ja da haƙorina. Bai yi ihu ba. Kallon bakin ramin kawai yake yi.

A amalanken mai garka muka kai shi bakin titi, daga nan asibiti. An yanke shi daga wuyan hannu. Jandarma suka zo, kamar yadda muka sani za su zo. Suka yi tambayoyinsu, suka dubi tsohon da ke kwance, suka karɓi ragowar bindigar suka tafi. Ba su wulaƙanta mu ba.

Yanzu Baba yana gida. Abin da na roƙa ke nan, kuma na samu, ba na jin daɗinsa ko kaɗan. Ciwon ya warke, mantuwar ce ta ƙaru. Yakan zauna a zaure da hantsi, ya kai hannu zai ɗauki buta, sai ya tsaya. Ya ɗaga dungun ya dube shi ta ko'ina, ya kira ni.

"Uwata, wa ya yi mini wanga?"

Da farko gaskiya nake gaya masa. Na ce ɗuri ya yi a kan ɗuri, bindiga ta fashe. Ya ce ni da ya haifa nake yi masa ƙazafi, ko yaron da ya fara bin maharba jiya ba ya ɗuri biyu. Ya juya mini baya ya wuni bai ci ba, wani lokaci na ji shi yana kuka a hankali. Gobe ya mance, ya sake tambaya, mu sake daga farko. Rashin hannun bai taɓa sa shi kuka ba, wannan maganar ce.

Na gaji da kashe shi kowace safiya. Jiya da ya tambaya, ina tsince shinkafa a faifai, ban ɗaga kai ba.

"Bindigar ce ta tsuhwa, Baba. Ƙarhen ya ci, ya hwashe."

Ya shafa dungun da hannun dama.

"Haka ne," ya ce. "Ta daɗe. Ni dai na san ban taɓa kuskuren ɗuri ba."

Na ce masa haka ne. Ya ce in zubo masa fura, yunwa yake ji.