Zulai, Wadda Ta Naɗe Kafet ɗin Ɗakina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zulai ta rasu.

Ina tsaye ina dama koko da safen nan ƙaninta ya kira ni. Na ce masa ya sake faɗa, ya sake.

Ga wanda bai san ta ba, Zulai ƙawata ce tun muna sakandare a nan Gaya, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Ajingi. 'Yar gajera, ga baki, ga tsiwa. Ko a gidan mutuwa ta ga ba daidai ba sai ta faɗa.

Ita ce ta raba 'yata Ummi da ƙaiƙayi.

Waɗanda suka san mu sun san yadda yarinyar nan ta wahala. Ƙuraje a lanƙwasar hannu, a bayan gwiwa, a wuya. Ta yi ta susa har jini ya ɓata zanin gado. Maƙwabta suka ce ƙazwa ce, suka janye 'ya'yansu. A makaranta benci guda aka bar mata ita kaɗai. Mun sha jiƙo, mun shafa abin da ba ya faɗuwa, mun yi hayaƙi, a banza.

Ran da Zulai ta zo, ba ta yi wata-wata ba ta ɗauki Ummi ta ɗora a cinya, ta riƙe hannun nan mai ruwa da hannunta. Ta ce, "Wa ya ce ƙazwa ce? Wannan ba a ɗauka. Zo mu ci gyaɗa."

Na juya na shiga kicin don kada su ga hawayena.

Ita ta fahimtar da ni cewa akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zaune a ƙurar katifa da filo da kafet, sun fi yawa da damina saboda danshi, kuma jikin Ummi ne ba ya shiri da su. Ta sa muka kai ta wurin likita a Kano, aka ba mu man shafawa da maganin ƙaiƙayi. Ta koya mini wanke zanin gado da ruwan zafi duk sati, da shanya katifa a rana, da goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, da shafa wa yarinyar mai da zarar ta fito wanka, da yanke mata farce.

Sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Maman Ummi, wannan fa sai ya fita."

Kafet ɗin jerena take nufi. Ja, mai kauri, bango da bango. Inna, mahaifiyata, tunkiyarta biyu ta sayar ta saya mini shi lokacin aurena. A wajen Inna cire shi tamkar a ce wa gari ba ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ba ne.

Ni dai na kasa. Zulai ce ta ɗaura takunkumi ta naɗe shi da kanta, alhali ita asma gare ta tun yarinta, kuma ƙurar nan ce ke tayar mata. Da ta gama sai da ta zauna a dokin ƙofa tana shaƙar inhela, tana dariya tana cewa, "Kin ga kayan gadon naku zai kashe ni."

Inna ta aiko aka ɗauke mata kafet ɗinta. Ta daina amsa gaisuwar Zulai.

Amma Ummi ta warke. Ba duka ba, yakan ɗan taso, sai dai tana barci, fatarta ta haɗe, kuma yanzu su uku ne a bencinta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, ranar Lahadi. Na faɗa mata damuwata: bikin ƙanwata saura sati, baƙin Kano a ɗakina za su sauka, kuma Inna ta rantse sai an mayar da kafet, ba za a ga 'yarta a kan siminti da leda ba. Wai na kwana kaɗan ne. Na san Inna, idan ya shiga ba zai sake fita ba.

Zulai ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota. Ta ce, "Bar ni da Inna, ran Juma'a zan zo. Ta zage ni, ai na saba. Ke dai ki daina tsoro, 'yarki ce."

Jiya ta je wani gida a Gafasa, wajen wani yaro mai irin ciwon Ummi. Ta taya su fitar da tsofaffin katifu da barguna. Tana komawa gida numfashi ya sarƙe, inhelarta ta ƙare. Kafin a kai Kano rai ya yi halinsa.

Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Ta kula da numfashin kowa da fatar kowa, ta manta da nata. Allah Ya yafe mini, na san kwana ne ya ƙare.

Ɗazu Inna ta kira ta yi mini gaisuwa. Ta yi wa Zulai addu'a sosai. Can sai ta ce gobe za ta aiko mai Keke da kafet.

Na waiga, babu wanda zai yi magana a madadina.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zai shiga ɗakin nan ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce mata a'a ba. Sai ta kashe waya. Ban sani ba ko za ta kula ni a bikin. Ummi kuma tana makaranta, ban san da bakin da zan gaya mata ba.

Ya Allah Ka jiƙan Zulai, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa wahalar numfashin da ta sha ta zama kaffara. Ka raya 'ya'yan da ta bari, Ka ba mijinta da iyayenta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce.