Dakta Tambari, Mai Tambayar da Ba Mu So

Da an idar da sallar asuba, Dakta Tambari Maccido kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, bayan tashar jirgin Kaura Namoda, ya kawo littafi dab da fuska, don ido ya fara gajiya. Masu zuwa kasuwar hatsi su ɗaga masa hannu daga nesa. Ba kowa ke tsayawa ba.

Falsafa ya karanta har ya ƙure ta. Manyan jami'o'i suka so riƙe shi, ya ce gida ya fi buƙata. Ya dawo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yanmu yadda ake auna magana kafin a haɗiye ta. Tukuicinmu? Cewa muka yi boko ya taɓa masa kai. Wani ma ya kira shi zindiƙi, alhali sahu ɗaya suke tsayawa.

Shekarar da 'yan bindiga suka tare hanyar Zurmi suka kashe ɗansa Faruku, samari sun cika wurin zaman makoki da gorori da bindigogin toka, suna rantsuwar sai sun ƙone wata ruga da ke kusa. Liman Sha'aibu na wurin, shi ya ba da labari. Dakta ya miƙe ya ce, "Cikinku wa yag ga wanda yah harbe shi?" Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To waɗanda za ku kashewa, mi sunka yi min? Ɗa na rasa, ban rasa hankali ba." Suka watse suna zaginsa, wai ba ya da zuciya. Matarsa Hajiya Saude ta ce ya yi kwanaki ko koko bai wuce maƙogwaronsa ba. Mutanen rugar suna nan da ransu, kuma ba su san sunansa ba.

Bana ya yi ritaya. Ba taro, ba ko lemun kwalba.

Kai ne icen da muka jefa, muka kuma sha inuwarsa. Kai ne ka binne ɗanka, ka hana wasu iyaye binne nasu. Mun gode, Dakta, ko da godiyar ta makara. Allah Ya saka maka, tunda mu mun kasa.

Ku kuma malamai da samarin Shinkafi, Zurmi da Kaura, kafin ku ɗaga gora ku tambayi kanku: wa ya gani? Sannan ku je ku gaishe shi yanzu, tun yana iya amsawa.